Ɗakin Gindin Dutse a Mpape

Jiya ƙarar nakiyar masu fasa dutse ta tuno mini da marigayi Kawu. A cikin duwatsun farar ƙasa ya girma, inda ruwa ke cinye dutse ta ciki, shi ya sa bai taɓa yarda da tudu ba.

Ranar da na kai shi ganin ɗakin da zan kama a Mpape, sai ya shinshina bangon da ke jingine da dutsen.

"Malam, me ya sa nan kaɗai ke warin sabon fenti?" ya tambayi mai gidan.

"Kwalliya ce kawai, Baba."

Kawu ya kankare da farce, sai ga tsaga mai danshi. Ya ja hannuna muka fita. A daminar nan bangon ya rufta.

Allah ya sanyaya makwancinsa, ya yalwata masa shi.