Murafen Iya Muinat

Iya Muinat a Fagge aka haife ta, iyayenta mutanen Ogbomosho ne. Tun tana budurwa take sayar da lemon kwalba a bakin Tashar Jirgin Ƙasa, kuma ba ta zubar da murfi. Takan huda kowanne da ƙusa, ta zura goma-goma a zare ta ƙulle, yaran unguwa su zo ranar Asabar su yi lissafi. Ganinsu yakan tuna mini damman tsinken da muka ƙirga a makarantar mishan, kafin a yarda mu taɓa alli.

Bana jikata Keziah ta kusa maimaita aji biyu saboda ɗebewa. In an ce ta cire biyar daga sha uku, sai ta dubi uku da biyar, ta cire ƙaramin daga babban, ta rubuta sha biyu. Na yi ta bayanin aro a kan allo har muryata ta dushe. Ana saura mako guda jarrabawa na kai ta wurin Iya.

Iya ta ɗora mata zare ɗaya mai murafe goma da wasu murafe uku a cinya.

"To, 'yar Baba, ba ni biyar."

"Uku gare ni, Iya."

"Wancan zaren fa, na maƙwabta ne?"

"Ai a ƙulle yake."

"Wa ya ce ba a kwancewa? Ni na ƙulla, ba gwamnati ba."

Keziah ta dube ni, na ɗaga mata kai. Ta sa haƙori ta kwance ƙullin, murafe suka zube mata a siket. Ta miƙa biyar, ta ƙirga sauran da yatsa, ta sake ƙirgawa.

"Takwas. Kaka, ashe goman nan ma tawa ce!"

"Da ta wa ce?" in ji Iya, tana buɗe wa wani direba lemo. Ta juyo gare ni. "Sake wani, Baba. Ba ta mai wuya."

Muka yi ta yi har la'asar. Ni da na zo rakiya, sai ga ni tsugune ina tsintar murafe a ƙarƙashin benci, ina ƙwala lambobi kamar ɗan aji ɗaya.

Ranar da aka ba da sakamako, Keziah ba ta biyo gida ba. Tasha ta nufa a guje, ni ina binta ina dogara sanda, tana ɗaga wa Iya yatsu uku tun daga nesa. Iya ta ba ta zare da ƙusa, ta ce 'yan aji uku su ke ƙulla wa ƙanana.