Ko-ta-kwana da Motarsa

Duk shekarun da Baba ya yi a kamfanin bas, ba a taɓa ba shi motar da za a ce tasa ce ba. Aikinsa jira ne. Ya zo da sassafe cikin kaki mai karin guga, ya zauna a benci, sai in wani direba ya tashi da zazzaɓi ko matarsa ta haihu a miƙo masa makulli. Abokan aiki suka sa masa Ko-ta-kwana, sunan ya biyo shi har gida. Inna, matarsa, takan ce mijinta kaɗai ake biya don kada benci ya huce.

Da ya yi ritaya ya sayi mota irin mai shan fetur da lantarki, wadda ake jona ta a bango kamar waya. Bai gama more ta ba ido ya ci amanarsa, likita ya hana shi tuƙi. Auta, 'yarsa, ta ce a sayar, motar da ba ta motsi ai kaza ce ba ƙwai. Baba bai yi musu ba, amma abinci ya daina shiga.

Ana haka wani ma'aikacin kamfanin lantarki ya zo unguwar yana neman masu irin motar. Ya ce da yamma, in kowa ya kunna fanka da dutsen guga, wuta kan yi wa gari kaɗan. Maimakon a tayar da wani babban inji, sai a ɗan ara daga baturan motocin da ke ajiye, a mayar musu in nauyi ya ragu. Sharaɗin kawai a bar motar a jone.

"Sai dai fa, Baba, za a iya yin mako ba a neme ta ba."

"Ɗana, sa sunana," in ji Baba. "Wannan aikin na san shi."

Abin da ma'aikacin bai faɗa ba, don bai zaci sai an faɗa ba, shi ne ba a bukatar direba. Kullum da la'asar Baba sai ya sa tsohon kakinsa, ya goge gilashi, ya shige bayan sitiyari a cikin gareji.

"Malam, motar aka ɗauka aiki, ba kai ba," in ji Inna.

"Kin taɓa ganin mota a bakin aiki ba direba?"

Wata yamma mai zafi Auta ta zo da dillali. Suka tarar da shi zaune ƙyam, gumi na bin wuyan kakin. Dillali ya fara zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta, sai 'yar fitilar akwatin bangon da aka jona motar a jikinsa ta canja launi, alamar an fara jan wuta.

"Matsa daga kan wayar nan, bawan Allah," in ji Baba, murya ta dawo irin ta da. "An kira mu."

Auta ta dubi mahaifinta. Rabon da ta ga kafaɗunsa a miƙe haka tun kafin maganar likita. Ta ba dillali haƙuri, ta raka shi ƙofa, ta dawo ta buɗe gefen mai zaman banza ta shiga.

"To Baba, ina muka nufa?"

Bai ko waiwayo ba. "Ɗaura bel tukuna."