Kiɗan Sanarwar Rasuwa

A shekarun da nake karanta sanarwa a wani ƙaramin gidan rediyo a Diffa, wayar salula ba ta kai ƙauyukan bakin kogin Komadugu ba. In mutum ya rasu, mu ne ƴan aike. A kawo suna, in karanta da Hausa, in maimaita da Barbarci, dangi su ji tun daga Maine har Tumur, su kamo hanya.

Abin da ya dame mu shi ne kiɗan da za a sa ƙarƙashin sanarwar. Ganga ba ta mutuwa ba ce, algaita ta biki ce, waƙar Indiya kuwa ai sai a kore mu daga garin. Karatun Alƙur'ani kuma ba a magana a kansa. Mai kula da na'urorinmu, wani dattijo da muke ce wa Kawu, shi ya raba gardama. Yana saurayi ya yi karatu a ƙasar Polan, ya dawo da ciwon gwiwa da akwati cike da kaset. Wata rana ya zaro ɗaya ya kunna. Goge ne na Turawa, da yawa, suna tafiya a hankali, can ƙasa kuma ana taɓa fiyano ɗaiɗai.

Na ce, "Kawu, waɗannan gogen mura suke yi?"

Ya ce, "Ke dai bakinki ba linzami. Kiɗan silima ne. A can akwai mutanen da aikinsu ke nan, tsara kiɗa don fim. Sai sun kalli wasan tukuna. Inda ɗan wasa zai yi magana, su matsa su ba shi wuri. Inda magana ta ƙare masa, su ɗauki kayan. Yi magana a kansa ki ji."

Na ja makirufo na karanta wata tsohuwar sanarwa. Wallahi sai na ji kamar an shimfiɗa wa muryata tabarma. Kawu kuwa yana ta murmushin mugunta ta bayan gilashi.

Kafin a jima duk kwarin Komadugu ya san kiɗan. Da ya tashi, mai daka ta tsai da taɓarya, mai ban ruwan tattasai ya kai rediyo kunne. Mahaifiyata a Barwa ba ta kashe tata rediyon, wai ita ce hirarta da ni.

Wata damina yayana ya kwanta a asibitin Diffa. Zazzaɓi ne, ba mu ɗauke shi da zafi ba, ko Inna ba mu gaya wa ba don kada hankalinta ya tashi. Wata rana da hantsi Allah Ya karɓi abinSa. Aka tashi mota zuwa Barwa don a faɗa mata baki da baki, yadda ya kamata a yi wa uwa, motar ta kafe a laka tun ba ta yi nisa ba. Manyan gidanmu suka ce dangi na warwatse, dole a sa a rediyo. Abokin aikina mai Barbarci ya yi tafiya. Saura ni.

Na san inda Inna take a wannan lokacin: tsakar gida, bayan la'asar, tana aiki, rediyo na rataye a jikin danga. Tsohuwa mai hawan jini, ita kaɗai, za ta ji mutuwar ɗan farinta daga bakin ƴarta. Abin da ke cina ke nan.

Kawu ya ce, "Ƴata, za ki iya?"

Na ce, "In ban iya ba wa zai yi?"

Ya kunna kiɗan, ya rage shi, ya ɗaga mini hannu. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ko innalillahi ta ƙi. Na dube shi, sai ya mai da kiɗan sama, ya bar shi yana tafiya. Ban taɓa jin sa ya yi nisa haka ba, kullum farkonsa kawai muke sawa. Ashe can gaba sauran gogen duk suna ja da baya, su bar guda ɗaya, shi ma ya yi ƙasa ƙasa kamar mai jiran a yi magana. A nan numfashina ya dawo. Na faɗi sunan yayana da Hausa, na faɗa da Barbarci, na faɗi lokacin jana'iza. Sannan na kifa kai a tebur.

Ban san fuskar wanda ya tsara kiɗan nan ba. Kawu ya sha faɗa mini sunansa, harshena ya kasa ɗauka. Fim ɗin ma ban taɓa gani ba. Amma ina gode masa, shi da ire-irensa na can, godiya ta har zuciya. Mutumin da ya san ya bar wa mai kuka wuri, ya san mutuwa, kuma yana da kunya.

Da hanya ta bushe aka kawo Inna. Na durƙusa gabanta ina neman gafara, ta kama kaina ta ɗaga.

Ta ce, "Da abin nan naku ya tashi, na tsaya da tsintsiya a hannu ina jiran muryarki. Shiru. Ke da ba a rufe miki baki! Sai na ce, to, wannan tamu ce. Na ajiye tsintsiya, na kira maƙwabciya, na nemi wuri na zauna, ta riƙe mini hannu. Sannan kika yi magana."

Ta share mini fuska da bakin gyalenta.

"Ba a tsaye na ji ba, ƴar nan. Da a tsaye nake, da sanarwar rasuwa biyu za ki karanta."