Kwana Ukun da Inna Ta Yi a Rigingine

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zan manta ranar da na danne kafaɗun mahaifiyata na hana ta gaida wan mijinta.

Inna da ido ɗaya ta girma, ƙyanda ta cinye na hagu tun tana goye. Da na daman nan ta raine mu, da shi kuma take zaɓar irin gyaɗa duk shekara, har maƙwabta a ƙauyenmu na gefen Minjibir kan kawo mata nasu. Da shekaru suka ja aka yi mata aikin yanar ido. Ta samu sauƙi, sai daga baya idon ya dushe kamar madubin da aka hura wa numfashi. Ta daina zaɓen iri, ta daina faɗa da kaji. Shirun nan nata ya fi komai ci mini rai.

A asibitin ido a birni likita ya ce fatar nan mai haske da ke gaban baƙin ido ce ta gaji, sai an yi dashe. Ya ce a da yawancin masu zuwa ƙyanda ce ko tsinin kara a gona ke kawo su, yanzu kuwa tsofaffin da aka yi wa aikin yana sun ƙaru. Da can fatar duka ake yankewa a ɗinka wata. Ita kuwa ɗan siririn ɓawon ciki kawai za a canza, a sa 'yar iska ta tokare shi har ya kama. Sharaɗin shi ne kwana uku a rigingine, hanci na kallon sama, ban da sunkuyo. In iskar ta goce dashen na iya ɓallewa, ga shi Inna ba ta da idon ajiya.

Ta tambayi likita na wane ne za a sa mata. Aka ce wani bawan Allah ne da ya rasu, ya bar wasiyya a amfana da idonsa. Inna ta ce a yi.

Aka yi aiki lafiya, washegari muka dawo da ita a kwance a kujerar bayan mota. Salla a kwance ta yarda da ita bayan ƙunƙuni mai yawa. Matan da suka zo dubiya ma ba su ba ni wahala ba, don takan amsa musu tana kallon azara, har tana yi wa wasu tsiya. Ni duk na manta da Baffa.

Baffa wan mahaifinmu ne, malamin da ya karantar da rabin ƙauyen. Tun da aka kawo Inna gidan ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa gaishe shi a tsaye ba, sai a durƙushe, kai a ƙasa. Da hantsi muka ji sallamarsa a tsakar gida. Kafin in juya, Inna ta yunƙura tana laluben mayafi. Ban san lokacin da na faɗa kanta ba.

"Inna, wallahi ba za ki tashi ba."

"Ke, ɗaga ni. Malam zai same ni a miƙe kamar marar tarbiyya? Gara idon ya tafi."

Da gaske take, na ji a ƙarfin hannunta. Na fashe da kuka ina danne da ita, ina jin kunyar abin da nake yi, ina kuma tsoron saki.

Ashe Baffa ya ji komai. Ya tsaya a bayan labule ya yi gyaran murya.

"Ni ban shigo ba, ban kuma ga kowa ba," in ji shi. "Ki gaya wa uwarki na karɓi gaisuwar kwana uku tun yanzu. Idon nan amanar wani ne. In ta ɗaga kai, ni ta saɓa wa."

Inna ta koma ta kwanta laƙwas. Shi kuwa ya sa aka shimfiɗa masa buzu a zaure, ya mayar da darasinsa can. Duk dattijon da ya zo dubiya, a nan yake tare shi, su yi addu'a, ya sallame shi. Kwana uku cur yana gadi.

Idon bai buɗe a rana ɗaya ba, a hankali ya riƙa washewa. Gab da shuka na tarar da ita a gindin darbejiya da faifai a cinya, tana tsince gyaɗa. Ta ɗago ta ƙare mini kallo, ta ce ashe haka na rame ba wanda ya gaya mata. Na yi dariya har da hawaye.

Har yau in ta idar da salla takan yi wa mai idon addu'a, tana ce masa "maƙwabcina". Ni kuma abin da na koya shi ne, kunya irin ta Inna ƙarami ba ya iya sauke wa mutum ita, ko da hujjar likita a hannunsa. Sai wanda ake jin kunyar ya sauke ta da bakinsa. Likita ya dasa idon, amma Baffa ne ya sa ya kama.