Malam Abdulgafar da Shafin da Ke Jinkirin Buɗewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Alhamis, 12 ga Yuni, 2025, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulgafar Gide a gidansa da ke Ƙanƙara, bayan jinyar kwana tara. Ina wurin aikina, a ƙaramin asibitin da nake kula da rajistar marasa lafiya kusa da Yankara, matarsa Malama Sumayya ta kira ni ta faɗa mini.

Malam, ban taɓa haɗuwa da mai yawan tambaya irinka ba.

Shekara uku da suka wuce aka raba mu da katin takarda, aka ba mu kwamfuta da manhajar da ke aiki ta intanet. Wanda ya haɗa ta ya kama gabansa. Ranar rigakafi sai in danna sunan mace in zauna ina kallon allo yana juyawa, ga sabis ɗin garinmu da rauni. Mata kuwa daga ƙauyuka suke zuwa, kowace na son ta koma gida da sauran rana saboda halin da hanya take ciki. Na sha ganin uwa ta goya ɗanta ta tafi ba a yi masa allurar ba.

Da aka turo ka ka gyara manhajar, na zaci kwamfutar za ka fara buɗewa. Sai ka zauna a benci tun safe har azahar kana kallon yadda nake aiki. Sannan ka ce, "Malama Hamida, in mace ta tsaya gabanki, mi kike fara dubawa?"

Na ce, "Sunanta, da sunan yaron, da allurar da ta rage masa."

Ka ce, "To mi ya sa abin ga ke kwaso miki har awon cikin da ta yi shekara huɗu baya?"

Ban san amsa ba, kai ma a lokacin ba ka tabbatar ba, kuma na ga hakan daɗi ya yi maka. Da ka bincika, ka kira ni ka nuna mini. Ashe a rumbun bayanai kowace uwa a ɗaure take da 'ya'yanta, su kuma da alluransu, ga miji, ga duk gwajin da aka taɓa yi wa mutanen gidan. An umarci manhajar ta ɗebo su gaba ɗaya da an taɓa suna guda. A shafin jerin sunaye kuma wata matsalar ce daban: kowane yaro sai ta koma rumbun ta ɗauko shi shi kaɗai. Ka ƙirga, sawu ɗari uku da sha bakwai kafin shafi ɗaya ya buɗe. Ka yi ta dariya kana maimaita adadin.

Ka rubuta wa manhajar waɗanda za ta ɗebo tare a tafiya guda, da waɗanda za ta bari sai an nema. Sawun ya koma uku. Ranar rigakafin da ta biyo baya mun sallami mace ta ƙarshe kafin azahar.

Akwai abin da ya fi wannan tsaya mini a rai. Wata rana wani magidanci ya kawo ɗansa, yana tsaye a gefena na buɗe shafin yaron, sai ga sakamakon gwajin matarsa a ƙasa, abin da ita ce ke da hakkin faɗa masa. Na yi sauri na juya allon. Da na ba ka labari a waya, washegari sai ga ka a kan babur. Na ce a dai ɓoye wurin. Ka ce, "A'a. In ya iso kwamfutarki, wata rana wani zai gani. Kada ma ya taso daga rumbun." Tun ranar, ma'aikaciyar jinya kaɗai ke iya kiran irin wannan bayani.

Ba ka tafi ba sai da ka koya mini karanta layukan umarnin da ka rubuta wa manhajar, kana cewa in na tambaye ka dalili sau ɗaya, in ƙara tambaya.

A wurin zaman makoki na ji abin da ban sani ba. Wani dattijo daga Sabuwa ya ce kana cikin haɗa wa ƙungiyarsu ta makiyaya rajistar allurar shanu, kuma sai da ka bi su kiwo kwana biyu don ka ga yadda suke gane saniya da 'ya'yanta. Aikin bai ƙare ba. Malama Sumayya ta miƙo mini littafin da kake rubutu a ciki. Na buɗe, rabinsa tambayoyi ne ba ka kai ga amsa su ba. Ban sani ba ko zan iya ƙarasa aikin, amma na gaya wa dattijon zan zo Sabuwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Sumayya, da 'ya'yanku Almu da Lauratu, da mahaifiyarka Hajiya Saudatu a Yargoje. Allah Ya ba su haƙuri da dangana. Kai kuwa Malam, Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya rufa maka asiri a gabansa, Ya sa Aljanna ce makomarka. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.