Hajiya Ta Sake Ƙwace Mana Gem

Jama'a, yau Hajiyarmu ta kunyata ni a gaban 'ya'yana!

Na je gidanmu na Madabo ni da yarana da sabon gem ɗin faɗan nan, wanda ake tara jaruman wasanni daban-daban su yi ta dukan juna. Muna cikin bugawa ni da ƙanena Sadi, sai ga ta.

Ta ce, "Ba wannan ne na shekarar da soja suka miƙa mulki ba? Da jaruman 'yan ƙalilan ne, yanzu sun cika talabijin kamar 'yan ɗaurin aure!"

Na ce, "Hajiya, ke da kike ƙwace mana shi ki ɓoye bayan kwanukan jere?"

Ta ce, "Miƙo nan. In na cinye ka, ba zai bar gidan nan ba sai bayan Sallah."

Ta tsallake sababbin jaruman kaf, ta zaɓi wani tsoho tun na farkon. Wallahi sau uku tana wurgo jarumina waje daga filin faɗan! Yara sai ihu.

Sadi ya ce, "Hajiya, a ina kika koya?"

Ta rungumi gem ta nufi ɗaki. Ta ce, "Da in kun tafi Islamiyya, kuna zaton kwanukan nake zama kallo?"