Uwar Direba Ba Ta Tafiya a Ƙasa

Guguwa ake ce mata a layinsu, don in ta ɗora ƙunshin wanki a ka ta kama hanya, ko samari ba sa jerawa da ita. Da wankau ta raini ɗanta bayan rasuwar mijinta. Ta karɓo kayan datti a wannan unguwa, ta mayar da gogaggu a waccan, duk a ƙasa. Jiran mota, in ji ta, aikin waɗanda suka gaji lokaci ne. Sai ga shi, ikon Allah, ɗan nan tilo ya tashi ya zama direban tasi.

Da ciwon daji ya kama ta a nonon hagu, Direba bai gaza ba, a faɗi gaskiya. Aka cire nonon, aka yi ta ɗura mata maganin nan mai zubar da gashi, ta rame ta koma kamar tsinke, amma ta tashi. Ranar sallama likita ta ja mata kunne cewa ciwon yana iya dawowa, kuma cikin abin da ke taimakon mata irinta har da motsa jiki. Ta ce ta riƙa tafiya kullum har ta yi gumi, kada ta yarda da zama. Guguwa ta yi dariya, ta ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ashe ta manta da bakin mutane. Fitarta ta farko, mai shago ya tare ta da sannu, mai kayan miya ta kawo mata benci. Kafin la'asar maganar ta isa tasha, abokan aikin Direba suna tsokanarsa wai yana ɗaukar uwayen wasu, tasa marar lafiya tana jan ƙafa a bakin titi. Washegari ya tsaya da mota a gefenta ya buɗe ƙofa, idanunsa jajur.

"Umma, ki rufa mini asiri ki shiga. Uwar direba ba ta tafiya a ƙasa."

Ta faɗa masa abin da likita ta ce. Ya ce ai likita ba a layin nan take zaune ba. To, wace uwa ce za ta bar ɗanta da gemunsa yana hawaye a titi? Ta shiga.

A gida ma haka. Ta ɗauki tsintsiya, surukarta, matar Direba, ta karɓe. Ta taɓa bokiti, a ce haba Umma. Ta koma kewaya tsakar gida, wuri kamar tafin hannu, daga famfo zuwa igiyar shanya, har jiri ya kwashe ta wata rana, aka kira Direba a waya. Ya sayo mata kujera mai laushi. Wallahi ta tsani kujerar nan. Tana zaune tana jin tsoro yana cin ta, masu zuwa gaisuwa kuwa suna cewa hutu ya karɓe ta, har ta yi ƙiba.

Ciwon baya ne ya fara. Aka ɗauki hoto, aka ce dajin ya dawo, ya shiga ƙashi. Direba ya tambayi likita ko da an bar ta tana tafiya da haka ba ta faru ba. Ta ce wannan kam babu wanda ya sani. Da ta ce masa e ko a'a, da ya fi masa sauƙi.

Yanzu kullum da safe, kafin ya fita aiki, sai ya zo ya ɗaga ta, ya rataya hannunta a wuyansa, yana roƙonta ta taka, ko da zuwa bakin ƙofa ne. Ƙafafun da suka ci garin nan da yawo sai rawa suke yi. Ranar nan ta dubi ƙofar, ta daɗe tana dubanta.

"Bar shi, ɗan nan," ta ce a hankali. "Mayar da ni kujera. Uwar direba ba ta tafiya a ƙasa."

Ba da gori ta faɗa ba, so take ta lallashe shi. Ya zaunar da ita, ya gyara mata matashin baya, ya fita ya shiga mota, ya kasa tayar da ita.